Idan koci ya sauya sheƙa, ina magoya bayan ƙwallon jami'o'in Amurka suke nufa?

Tambaya: Malam, ina ɗan bin ƙwallon Amurka na jami'o'i, wannan da ake ruga da ƙwallo a hannu. Na ga yadda Lane Kiffin ya bar jami'ar Ole Miss ta jihar Mississippi ya koma jami'ar LSU ta jihar Louisiana a ƙarshen Nuwamban 2025, alhali ƙungiyarsa na dab da shiga gasar fitar da zakara, mutane suna ta yi masa ihu har filin jirgi. Idan koci ya tafi haka, magoya baya bin sa suke yi, ko jikinsu ne yake sanyi su daina zuwa kallo?

Amsa: Ɗan'uwa, ba sa bin sa. A manyan jami'o'in nan da wuya ka ga ɗaya daga cikin asalin magoya baya ya tuɓe rigar makarantarsa ya sa ta wata don koci ya tashi. Abin da tafiyar koci take taɓawa shi ne yardar mutane, da aljihunsu, da 'yan wasan da ke cikin fili, da kuma baƙin da shi kocin ya janyo da sunansa. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma a kansu zan fi daɗewa, amma bari mu fara da abin da ya sa tushen ba ya motsi.

Mu nan yawancinmu ta talabijin muka san ƙungiyoyin Turai. Wani Kanu ne ya kai shi Arsenal, wani zamanin Mourinho da Mikel ne ya mayar da shi ɗan Chelsea, wani kuwa duk inda Ronaldo ya sa ƙafa nan yake. Saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ya ɗauka can ma haka ake yi. Sai dai mai goyon bayan jami'ar Tennessee ko Alabama galibi a nan ya yi karatu, ko mahaifinsa, ko kuma a jihar aka haife shi ya tashi ya tarar duk ranar Asabar daga Satumba zuwa Nuwamba launi ɗaya ake sawa a gidansu. Jihohi irin su Alabama da Mississippi da Oklahoma da Nebraska ba su da ƙungiya ko ɗaya a gasar ƙwararru ta NFL, don haka ƙungiyar jami'a ita ce tutar jihar. Filin jami'ar Michigan na ɗaukar mutum sama da 107,000, na LSU sama da 102,000. Wasannin gida shida ne zuwa takwas kacal a shekara, iyali kan sayi tikitin kakar gaba ɗaya su riƙe kujerunsu shekara da shekaru. Ɗan wasa kuwa shekara uku zuwa biyar yake yi ya wuce. Koci ne kaɗai fuskar da take daɗewa, shi ya sa ake ɗora masa so da ƙi fiye da kocin ƙwararru. Shi ke shiga gida-gida neman yara 'yan sakandare, ya zauna a falo da iyaye ya ce su ba shi amanar ɗansu. Shi ke cin abinci da attajirai masu ba da gudummawa. A jihohi da yawa ma shi ne ma'aikacin gwamnati mafi tsokar albashi, tun da jami'ar ta gwamnatin jiha ce. Duk da haka, ƙaunar da ake nuna masa aro aka ba shi daga wadda ake yi wa makarantar, kuma ranar da ya tashi a nan yake barin ta.

Shi kansa Kiffin ɗin da ka ambata shi ne babbar shaida, domin wannan ba shi ne karon farko ba. Tennessee ta ɗauke shi yana ɗan shekara 33, ya ja ragamar kakar 2009, ya ci wasa 7 aka ci shi 6. Ya zo da baki da ƙarfin hali, yana tsokanar manyan abokan hamayya, mutanen Knoxville, garin da jami'ar take, suka ji ga wanda zai dawo musu da martaba. Ɗan da aka haifa masa a lokacin ma Knox ya sa masa suna. A ranar 12 ga Janairun 2010 da dare sai ga labari ya karɓi aikin jami'ar USC a Los Angeles, bayan kocinta Pete Carroll ya koma gasar ƙwararru. Ya fito gaban 'yan jarida ya yi 'yar gajeriyar magana, bai amsa tambaya ba ya juya. Ɗalibai ɗaruruwa suka yi dafifi a gaban ginin ƙungiyar, aka cinna wa katifa wuta a kan titi, aka ƙona riguna masu sunansa, katon dutsen nan na harabar jami'ar da ɗalibai suke rubutu a jiki aka cika shi da zagi.

Bayansa Tennessee ta sha wuya ba kaɗan ba. Derek Dooley ya zo ya tafi, Butch Jones ya zo ya tafi, Jeremy Pruitt ma haka, shekara goma ba abin kirki. Jama'a sun ragu a wasu wasannin, amma ba wanda ya koma goyon bayan USC. A Nuwamban 2017 ma sai suka nuna cewa su ne masu gida: hukumar jami'ar ta gama shirin ɗaukar Greg Schiano a matsayin koci, magoya baya suka yi caa a intanet da harabar makaranta, har 'yan siyasar jihar suka sa baki, a rana guda maganar ta wargaje, bayan 'yan kwanaki daraktan wasannin ya rasa kujerarsa. Sai ranar 16 ga Oktoban 2021, Kiffin ya dawo Knoxville a matsayin kocin Ole Miss. Filin Neyland ya cika maƙil, mutum sama da 100,000. Saura ƙasa da minti ɗaya a tashi alƙalai suka yanke wani hukunci da bai yi wa 'yan gida daɗi ba, sai ruwan gorunan ruwa da gwangwanaye daga saman kujeru, har da robar mastad, wani ya jefo ƙwallon golf ta sami Kiffin, ya ɗauka ya nuna wa alƙali. An tsayar da wasa kusan minti 20, Ole Miss ta ci da maki 31 da 26, aka ci tarar jami'ar Tennessee dala 250,000. Jifa ba hali ba ne, kuma ba na yaba shi. Amma duba ka ga: shekara goma sha ɗaya da tafiyar mutumin, da yawa cikin ɗaliban da ke filin suna firamare lokacin da abin ya faru, gadon fushin suka yi kamar yadda suka gaji launin rigar. Wanda ya daina damuwa da ƙungiya ba ya riƙe mutum a zuci tsawon wannan lokaci. Da sabon kocinsu Josh Heupel ya gyara ƙungiyar suka doke Alabama da maki 52 da 49 a 2022, karon farko tun 2006, waɗannan mutanen ne dai suka tumɓuke ƙarafan raga suka kai su kogi.

To me ya sa wani kocin zai tafi a yi masa addu'a, wani kuma a ƙona hotonsa? Abu na farko shi ne maganar da ya yi kafin ya tafi. Mutanen Amurka sun san aiki neman kuɗi ne, ba sa mamakin wanda ya bi albashi mai tsoka. Abin da ba sa yafewa shi ne a kalli idonsu a faɗa musu abin da ba haka ba. A 1998 Tommy Tuberville, wanda daga baya ya zama sanata, yana kocin Ole Miss ya ce sai dai a fitar da shi daga garin a cikin akwatin gawa. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a Auburn. A Disamban 2006 Nick Saban yana kocin Miami Dolphins ta gasar ƙwararru ya faɗa wa 'yan jarida ƙarara cewa ba zai zama kocin Alabama ba. Mako biyu bayan nan ya sauka a Tuscaloosa, garin jami'ar Alabama. Lincoln Riley, kocin Oklahoma, kuwa, daren Asabar 27 ga Nuwamban 2021, bayan Oklahoma ta sha kashi a hannun maƙwabciyarta Oklahoma State, ya ce ba shi ne zai zama kocin LSU ba. Gaskiya ya faɗa, domin washegari USC ya tafi, amma mutanen Oklahoma sun ɗauke ta a matsayin yaudara, kuma a ganina suna da hujja.

Sai lokacin tafiyar. Brian Kelly ya yi ta sau biyu. A Disamban 2009 ya kai Cincinnati ga cin wasa 12 ba a doke ta ba, ya tafi Notre Dame kafin babban wasan Sugar Bowl, Florida ta lallasa yaran da ya bari da maki 51 da 24. A ƙarshen Nuwamban 2021 kuma ya bar Notre Dame tana da nasara 11 cikin 12, tana jiran ta ji ko za ta shiga gasar fitar da zakara, ya karɓi kwantiragin LSU na shekara goma a kan dala miliyan 95. 'Yan wasansa a kafafen sada zumunta suka fara jin labarin, sannan saƙonsa ya shigo musu waya da dare, da safe ya gana da su na 'yan mintoci ya fita. Kwatanta wannan da Urban Meyer, wanda ya amince zai koma Florida a Disamban 2004 amma ya tsaya ya ƙarasa wa Utah wasanta na ƙarshe suka gama kaka ba a ci su ba, ko Chris Petersen da ya yi shekara takwas a Boise State ya ci wasa 92 aka ci shi 12, ya ƙi tayi da yawa kafin ya koma Washington a 2013. Waɗannan biyun har yau da mutunci ake ambatonsu a inda suka baro.

A nan ya kamata a yi wa kociyoyin adalci kaɗan, domin tsarin ne yake tura su. Kakar wasa tana ƙarewa a ƙarshen Nuwamba, kuma tun 2017 aka buɗe damar yara 'yan sakandare su sa hannu da jami'o'i a watan Disamba. Jami'ar da ta kori kocinta ba za ta iya jira har Janairu ba, in ta jira wasu sun kwashe yaran. Saboda haka take matsa wa wanda take so ya ba ta amsa cikin kwana biyu ko uku, a daidai lokacin da ƙungiyarsa ke shirin wasan da ya fi kowanne muhimmanci. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, da manyan jami'o'i su suka tsara kalandar da take haifar da wannan rikici kowace shekara, kuma su ya kamata a fara tuhuma.

Inda kocin ya nufa shi ma yana da nauyi. Saban ya ci wa LSU kofin ƙasa a kakar 2003. Da ya tafi gasar ƙwararru an yi baƙin ciki amma an yi masa uzuri. Da ya dawo ya karɓi Alabama, wadda suke karawa da ita duk shekara, sai ya zama abokin gaba; zuwansa Baton Rouge, garin LSU, a 2008 har mutum-mutuminsa aka ƙona. Haka abin yake da Kiffin a yanzu: Ole Miss da LSU rukuni ɗaya suke, na SEC, tsofaffin abokan hamayya ne, yara ɗaya suke nema a yanki ɗaya. Shi ya sa Ole Miss ta ƙi yarda ya ci gaba da jan ƙungiyar a gasar, ta ɗora mataimakinsa Pete Golding nan take. A wannan gasar dai, Jon Sumrall na Tulane da ya karɓi aikin Florida, da Bob Chesney na James Madison da ya karɓi na UCLA, duk an bar su sun jagoranci wasanninsu, domin ƙananan jami'o'in ba sa ganin waɗanda suka ɗauke musu koci a matsayin sa'o'insu.

Mafi zafi duka shi ne ɗan gida ya tafi. Rich Rodriguez ɗan wani ƙaramin garin haƙar kwal ne, Grant Town, a West Virginia, a jami'ar jihar ya yi wasa, ya dawo ya zama kocinta ya kai ta dab da wasan ƙarshe na ƙasa a 2007. Pittsburgh ta doke su da maki 13 da 9, bayan mako biyu ya tafi Michigan. Aka cire allon da ke bakin garinsu mai ɗauke da sunansa, jami'ar ta kai shi kotu kan dala miliyan 4 na saɓa kwantiragi. A Michigan kuwa ba a taɓa karɓarsa hannu bibbiyu ba, ana ganin baƙo ne da bai san al'adar gidan ba, ya ci wasa 15 aka ci shi 22, aka sallame shi bayan kaka uku. Abin da zai ba ka mamaki, a Disamban 2024 West Virginia ta sake ɗaukarsa, dubban mutane suka fito tarbarsa. Ba mantawa suka yi ba. Sun gwada wasu ba su dawo da su inda suke ba, sai suka haɗiye abin da ke ransu saboda ƙungiyar. Komawa gida kuma tana da nata farin jinin tun zamanin Bear Bryant, wanda ya bar Texas A&M ya koma Alabama a 1958 yana cewa uwa ce ta kira shi, amma ba kullum take yin kyau ba. Scott Frost ya ci wasa 13 ba a doke shi ba da UCF a 2017, ya koma Nebraska inda ya yi wasa, aka tarbe shi kamar sarki, ya ci 16 aka ci shi 31, aka kore shi a 2022.

Yanzu bari mu zo inda tafiya da zuwan koci suke canja abu da gaske, wato baƙi da kuɗi. A wasan gwaji na watan Afrilun 2007, wanda 'yan ƙungiya ɗaya suke karawa da juna, mutum 92,138 suka shiga filin Alabama don kawai su ga Saban. Cikin kakar wasa 17 ya ci kofin ƙasa shida, ɗaliban jami'ar suka ƙaru daga kusan 25,000 zuwa sama da 38,000, mafi yawan ƙarin daga wasu jihohi. Ba shi kaɗai ya kawo wannan ba, jami'ar ta zuba kuɗi a tallafin karatu da neman ɗalibai, amma ba mai musun cewa ganin sunanta a talabijin duk Asabar ya taimaka. Waɗannan baƙin da suka zo saboda nasara, da suka yi shekara huɗu a makarantar sai suka zama 'yan gida. Wannan ita ce hanyar da koci yake ƙara wa makaranta magoya baya na dindindin, kuma tana buƙatar ya daɗe. Bill Snyder ya karɓi Kansas State a 1989 tana cikin mafiya rauni a ƙasar, ya zauna, yau filin wasan sunansa yake ɗauke da shi.

Labarin Deion Sanders daban ne, domin shi ne kocin da mutane suke bi da gaske, kuma dalilin shi ne tun yana ɗan wasa tauraro ne. Ya karɓi Jackson State a 2020, ɗaya daga cikin jami'o'in da aka kafa domin baƙaƙen fata a zamanin wariya. Ya ci kofin rukuninsu a 2021 da 2022, ya janyo Travis Hunter wanda manyan jami'o'i ke rububinsa, ya sha faɗin cewa Allah ne ya kira shi ya ɗaga waɗannan makarantu. Da ya tafi Colorado a Disamban 2022 tare da ɗansa Shedeur da Hunter, an yi ta muhawara a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka, wasu na cewa ya yi iya nasa, wasu na cewa ya taka su ya hau. Colorado wadda ta ci wasa ɗaya tak cikin 12 a 2022 ta sayar da tikitin kaka kaf, abin da ba ta yi ba tun 1996, mawaƙa da taurari suka cika gefen fili, miliyoyin da ba su san inda garin jami'ar, Boulder, yake ba suka zauna kallo. Da yaran biyu suka wuce gasar ƙwararru ƙungiyar ta ci wasa 3 kacal a 2025, hayaniyar ta lafa. Jackson State kuwa kyamarori sun ragu, amma 'yan gida ba su je ko'ina ba. Ta ɗora tsohon ɗalibinta T.C. Taylor, a 2024 ta ci Celebration Bowl, wasan fitar da zakaran jami'o'in baƙaƙen fata, kofin da Sanders ya je wasan ƙarshensa sau biyu bai ɗauka ba.

Abin da ya fi damuna a 'yan shekarun nan shi ne yadda ƙungiya take watsewa a bayan koci. A da ɗan wasan da ya canja makaranta sai ya zauna shekara guda bai buga ba, don haka koci zai tafi ya bar yaran. A 2021 aka cire wannan sharaɗi, kuma daga 1 ga Yulin shekarar aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu. Ni ina goyon bayan wannan, domin babu adalci a ce koci mai miliyoyi ya tashi yadda ya ga dama a ɗaure yaron da ya yi wa alkawari. Amma ga abin da ya biyo baya: Riley ya tafi USC, Caleb Williams ya bi shi ya ci kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a can a 2022, mutanen Oklahoma suna kallo. Curt Cignetti ya bar James Madison ya koma Indiana a ƙarshen 2023 da 'yan wasa fiye da goma, ya mayar da jami'ar da aka sani da shan kashi zakarar ƙasa a kakar 2025. Ranar 10 ga Janairun 2024 Saban ya yi ritaya. Cikin mako guda Alabama ta ɗauke Kalen DeBoer daga Washington, wadda kwana huɗu kafin nan ta buga wasan ƙarshe na ƙasa, Washington ta ɗauke Jedd Fisch daga Arizona, Arizona ta ɗauke Brent Brennan daga San Jose State. Ritayar mutum ɗaya ta girgiza makarantu huɗu, kowacce kuma 'yan wasa suka fice. Mai goyon baya yana nan, amma ya shiga fili a watan Satumba bai san rabin sunayen yaran ba. Kuma shi ɗin ne ake zuwa wa a ce ya ƙara gudummawa don a biya sababbin 'yan wasa. Mutumin da ya ba da kuɗi bara don a riƙe wani yaro, ya ga yaron ya bi koci, bana sai ya yi tunani sau biyu.

Ƙananan jami'o'i su suka fi jin jiki. Mai goyon bayan makaranta irin Toledo ko Arkansas State ko Western Michigan ya san cewa duk kakar da suka yi fice, a watan Disamba za a zo a ɗauke kocin. Arkansas State ta rasa Hugh Freeze da Gus Malzahn da Bryan Harsin a jere, kowanne bayan kaka ɗaya tak, daga 2011 zuwa 2013. A irin wannan wuri mutane kan koyi kada su sa koci a rai, kuma da wuya a tara sababbin magoya baya, domin kafin yaran gari su riƙe sunan mutum ya wuce. A nan ne tafiyar koci take iya rage jama'a a fili, musamman in wanda ya gaje shi ya fara da rashin nasara.

Ba zan rufe ido ga ɗaya ɓangaren ba. Magoya bayan da ke kiran koci maci amana su ne suke rera a kore shi idan ya sha kashi sau uku. James Franklin ya kai Penn State wasan kusa da na ƙarshe a Janairun 2025. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba an ci shi uku a jere, filin ya ɗauki ihun a kore shi, aka kore shi. Texas A&M ta yarda ta biya Jimbo Fisher sama da dala miliyan 75 a 2023 don kawai ya tafi. Shi Kelly ɗin da LSU ta ɗauko da ɗoki, ta sallame shi a Oktoban 2025, har gwamnan jihar ya sa baki a kan wanda zai zaɓi magajinsa, kuma wannan gurbin ne Kiffin ya cike. Kocin da ya ga haka ya san ba a riƙe shi da amana ba, don haka yake tafiya tun kasuwarsa na ci. Canjin ma ba kullum yake magani ba: binciken da Scott Adler da abokan aikinsa suka yi kan sauyin kociyoyi tsakanin 1997 da 2010 ya nuna cewa ƙungiyoyi masu rauni ba su fi takwarorinsu da suka haƙura da nasu samun ci gaba ba, matsakaita kuwa baya suka ƙara yi. Nebraska ta kori Frank Solich a 2003 bayan ya ci wasa 9 cikin 12, tun daga nan take ta canja koci, rabonta da kofin rukuni tun 1999. Duk da haka tun 1962 ba a yi wasan gida a Lincoln, garin jami'ar, da tikiti ya yi kwantai ba, wasa sama da 400 a jere, ko da yake a 2021 sai da wasu attajirai suka saye ragowar aka raba wa yara don kada jerin ya yanke. Wannan yana nuna maka ƙarfin abin da kuma inda ya fara tsagewa: abin da ke cinye magoya baya a hankali shi ne shekaru na rashin nasara da rashin alƙibla, wanda yawan canja koci kan jawo.

Game da Ole Miss ɗin da ka tambaya, abin da ya biyo baya ya tafi yadda aka saba gani. Filinsu ya cika a wasan farko na gasar suka doke Tulane, suka je suka doke Georgia a Sugar Bowl da maki 39 da 34, sai a wasan kusa da na ƙarshe jami'ar Miami ta tsayar da su. Tafiyar Kiffin ƙara haɗa kansu ta yi, Golding ya sami goyon bayan da sabon koci kan yi shekaru bai samu ba. Amma watan farko ba ya nuna komai, domin fushi na ɗaukar mutane. In kana son ka san ko tafiyar ta yi musu illa, ka jira kakar da za su ci wasa shida ko bakwai kawai, sannan ka duba mutum nawa suka sabunta tikitin kaka, nawa attajirai suka zuba a asusun biyan 'yan wasa, kuma yaran Mississippi da Louisiana da jami'o'in biyu ke nema wace suka zaɓa.